Dilwyn da Kofin Shayin Sito

Dilwyn Prosser dai kowa a garin Rhayader na ƙasar Wales ya san shi, dogo ne mai ɗan doro, hannunsa kullum ƙarnin madara da baƙin mai, shi ne mai gyaran injin tatsar shanu, in injinka ya tsaya da safe shanu suna ta kuka hantsa ta cika to shi za a turo maka. Aiki kam ya iya ba wanda zai ce bai iya ba. Matsalarsa ɗaya ce, bai yarda da kowa ba. In ka gaishe shi da fara'a sai ya tsaya yana tunanin me kake nema a wurinsa, in ka wuce ba ka gaishe shi ba sai ya ce ai daman ya san akwai wata a ƙasa. Mahaucin bakin kasuwa ya taɓa yi masa gyaran ɗan haƙarƙarin rago, Dilwyn sai da ya kai gida ya sa matarsa Menna ta shinshina, wai banza ba ta kai zomo kasuwa, in ba naman ya kwana ba me zai sa a ƙara masa.

An ce a wurin babansa ya gado. Baban makiyayin tumaki ne a kan dutse, wani dillali mai yawan dariya ya taɓa cutarsa a kasuwar dabbobi, tun daga nan yake ce wa Dilwyn duk wanda ya yi maka murmushi ka laluba aljihunka. Dilwyn bai yi nisa a makaranta ba ya bi wani tsohon makaniki yana riƙe masa sifana har ya iya, ya auri Menna mai dafa abinci a firamare, suka haifi 'ya ɗaya Lowri tana can Cardiff yanzu. Menna tana ba da labari wai ranar da ta ce masa ta yarda za ta aure shi, sai ya ce mata saboda me.

To kamfanin da yake wa aiki ba su ba shi mota ba, tasa yake hawa, wata tsohuwa mai dogon baya cike da tiyo da robobi, sai su riƙa ba shi alawus ɗin mota a cikin albashi duk wata, a yanke haraji a ciki kamar sauran, sannan su ƙara masa 'yan kwabbai a kan kowace mil ta aiki wai kuɗin mai. Siton kamfanin yana Newtown, sai ka haura dutse ka gangara ka bi kwana-kwana, tafiya ce mai ɗan nisa. Kuma fa tuntuni kamfanin suka ce masa ba sai ya riƙa zuwa sito ba, aikin ranar ana turo masa a waya, kayan gyara ana aiko masa har gida, daga ƙofarsa ya wuce gonar da ake nemansa kawai. Amma ina, Dilwyn kullum sai ya fara zuwa sito. Saboda Emyr.

Emyr Vaughan shi ne mai sito, gajere mai tumbi mai sanƙo, matarsa ta rasu ya zauna shi kaɗai, kullum shi ke fara buɗe ƙofa ya ɗora buta. A bayan kanta akwai ƙusoshi a jere a bango, kowane ma'aikaci da ƙusarsa da kofinsa, ba ka taɓa kofin wani ko da wasa, baƙo kuwa kofin roba ake ba shi kuma a tambaye shi sukari nawa. Kofin Dilwyn wani kore ne bakinsa ya ɗan ɓalle, cikinsa ya yi baƙi don ya hana a wanke da sabulu wai yana kashe ɗanɗano. Kafin ya gama kashe mota Emyr ya riga ya haɗa, mai kauri, madara kaɗan daga baya, sukari cokali biyu da ɗan ƙari. Su tsaya su sha a tsaye su zagi ruwan sama su zagi alƙalin wasan ƙwallon ranar Asabar, Emyr ya ce masa tsohon zargi, shi kuma ya ce masa tulu, shi ke nan ya kama hanya. Sama da shekara ashirin a haka. Kuma abin da Dilwyn yake taƙama da shi ke nan a duniya, duk inda ya zauna sai ya faɗa, wai shi tunda ya fara aiki bai taɓa fashin shayin sito ba, ko dusar ƙanƙara ta rufe hanya sai ya je, ko da a bayan motar share hanya ne.

Emyr ɗin ne ma ya kawo maganar harajin. Wata safiya yana juya cokali ya ce mijin 'yarsa ya gano wani abu, wai gwamnati tana da nata ƙa'idar na abin da ya kamata a biya mutum a kowace mil in motarsa yake aiki da ita, in kamfaninka bai kai wannan ba to kana iya neman rangwamen haraji a kan abin da ya rage, har na shekarun baya ma, kuma alawus ɗin mota ba ya hana ka tunda shi an riga an yanke masa haraji. Dilwyn ya kalle shi ta saman kofi ya ce da walakin goro a miya, yaushe gwamnati ta fara mayar da abin da ta haɗiye. Emyr ya ce to zauna nan, kai da kake cinye taya a kan duwatsu, ni da ba ni da alawus ɗin ko keke me zan samu in na yi maka ƙarya.

Sai da ya yi wata guda yana juya maganar, ya tambayi wani mai sayar da abincin dabbobi ya ce gaskiya ne, ya ce to wataƙila bakinsu ɗaya da Emyr, ya tambayi Lowri a waya ta ce Baba gaskiya ne mana kowa yana yi, sannan ya yarda rabi. Menna ce ta zauna ta cika masa takardar neman rangwamen a kwamfuta, shi yana tsaye a kanta yana cewa kar ta sa lambar wayarsa, ta ce to ta ina za su neme ka, ta hayaƙi. Suka sa duk tafiyarsa tun daga ƙofar gida har ya dawo ƙofar gida.

Ana nan sai aka aiko wai ya kira ofishin haraji akwai 'yan tambayoyi. Dilwyn ya yi wanka ya sa riga mai kwala kamar za su gan shi, ya ce wa Menna ki tsaya ki ga, e da a'a kawai za su samu a wurina. Ya sa wayar a sifika saboda ƙarar inji ta ɗan taɓa masa kunne, Menna tana wanke-wanke tana ji. Wata mata ce ta ɗauka, murya mai sanyi irin ta mutanen arewacin ƙasar, ta fara tambayarsa ko ana ruwa a wajensu, ya ce e. Ta ce aikin me yake, ya ce injin tatsa. Sai ta ce kai, kakanta ma shanu yake da su, tana yarinya tana tsoron ƙarar injin nan, ta tambaye shi ko har yanzu robobin suna tsagewa da sanyi. To fa nan Dilwyn ya gyara zama. Ya yi mata bayanin robobi, ya yi mata bayanin famfon iska, har da labarin wata saniya da ta taɓa harbinsa a gwiwa, matar tana ta dariya.

Can ta ce, "To Malam Prosser, da safe daga ina kake fara aiki, daga gida kake wucewa gona?"

Ya ce, "Wa, ni? Sito nake fara zuwa. Tunda na fara aiki ban taɓa fashin shayin sito ba, ko dusar ƙanƙara ta rufe hanya sai na je, ko da a bayan motar share hanya ne."

Ta ce wato kullum kullum, ya ce kullum, ki tambayi kowa. Ta yi masa godiya ta ce ya gaida shanu. Ya ajiye waya ya dubi Menna ya ce kin ga yadda ake yi da su ko, ko ƙwayar zarra ba ta samu ba. Menna ta ci gaba da goge tukunya.

Da ambulan ɗin nan mai ruwan ƙasa ta zo, irin wadda in ka gan ta a ƙasan ƙofa gabanka sai ya faɗi, sai ga shi an ba shi rangwamen amma an zabge babban yanki. Ba wai an ce ya yi sata ba, a'a, cikin ladabi aka rubuta, wai tafiya daga gida zuwa sito da yake yi kullum zuwa wurin aiki ce kamar ta kowa, ba ta shiga lissafi, daga sito zuwa gonaki ita ce ta aiki. Dilwyn ya karanta ya sake karantawa ya juya bayan takardar ko akwai wani abu, sannan ya zauna a kujera ya ce wani ya kai tsegumi.

Menna ta ce, "Baban Lowri, kai fa ka faɗa wa matar ofishin da bakinka, ina tsaye a nan."

Ya ce shi bai faɗa ba, shi da ya yi ta e da a'a, maganar shanu kawai suka yi. Ta ce to ai a cikin maganar shanun ne. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce ke ma mai tsegumin ya biyo ta kanki ke nan, ta ce Allah ya ba ka lafiya, ta ɗauki jakarta ta tafi aiki.

Daga nan fa kan Dilwyn ya ɗau zafi. Wa ya san yana zuwa sito kullum, Emyr. Wa ya kawo maganar tun farko yana juya cokali kamar ba komai, Emyr. Wa ya ce da bakinsa ba shi da alawus ɗin ko keke, ka ji hassada a fili. Sai ya tuno shekarar da albasarsa ta kayar da ta Emyr a gasar kayan lambu, Emyr ya yi masa murna har da dukan kafaɗa, to ashe murmushin nan ne da babansa yake faɗa. Sai ya tuno kwanan baya an kira Emyr a waya ya fita waje ya amsa, me zai sa mutum ya fita cikin yayyafi in ba yana da abin ɓoyewa ba. Ga sabuwar rigar sanyi da Emyr ya sa, daga ina, ko ana ba masu tsegumi lada ne. Yana tuƙi yana haɗa su ɗaya bayan ɗaya, duk abin da ya ɗauko sai ya zauna daram, biri ya yi kama da mutum.

Washegari ya shiga sito, kofinsa na kan kanta yana tururi. Bai taɓa ba. Emyr ya ce tsohon zargi yau kuma wa ya mutu, Dilwyn ya ce ba wanda ya mutu, mutanen haraji ne dai suka san inda yake shan shayi, yana mamakin wanda ya gaya musu. Emyr ya fara dariya yana zaton wasa ne, da ya ga fuskar sai dariyar ta tsaya.

Ya ce, "Dilwyn, ni kake nufi?"

"Ni ban kama suna ba."

"Ba ka kama ba, amma mu biyu ne a ɗakin."

Dilwyn ya ɗauki kofin ya je ya tuttular da shayin a wurin wanke hannu, ya naɗe kofin a tsumman goge mai ya sa a aljihun riga. Yaran sito biyu da suke ɗaure kaya suka sunkuyar da kai, don a wurin nan ka zagi mutum ma ya fi sauƙi a kan ka zubar da shayin da ya haɗa maka, balle ka cire kofinka daga ƙusa, wanda aka kora ko wanda ya yi ritaya shi ke tafiya da kofinsa. Emyr ya juya ya kashe buta.

Shi ke nan Dilwyn ya koma wucewa gonaki kai tsaye daga gida. Yanzu kam duk mil ɗin da ya taka ta aiki ce, ba mai zabge masa komai, har yana ce wa Menna kin gani ko, da tuntuni na yi haka. Menna ta saya masa filas. Sai ya tsaya a gefen titi ya zuba ya kurɓa ya ce ƙarfe-ƙarfe yake ji, ya ce ko ta canza ganyen shayi ne ba ta faɗa masa ba. Yana zaune a mota shi kaɗai ruwa na dukan gilashi tumaki na kallonsa, ga alƙalin wasan Asabar ya yi wata aika-aika ba wanda zai zaga da shi. In yana son kayan gyara sai ya tura saƙo a waya, amsa ta zo da kalma ɗaya, an aika. A coci ya hango Emyr ya zauna can baya ya rame kaɗan, rigar sanyin nan ta yi masa yawa, Menna ta raɗa masa cewa 'yarsa ce ta saya masa ranar haihuwarsa, kuma wayar da yake fita amsawa ta asibiti ce ana duba masa zuciya. Dilwyn ya ce haka dai aka ce miki. Amma ranar bai ci abincin rana da kyau ba.

Koren kofin kuwa yana cikin aljihun mota a naɗe, bai kai shi kicin ba, ko Menna ba ta san yana nan ba, duk kwanar da ya sha sai ya ji shi ya yi ƙwal.

Abin ya zo ya ƙare ne a gonar Gwenda Pugh, wata tsohuwa da ke sama da Llangurig, ita kaɗai take riƙe da shanunta da wani kare mai ido ɗaya. Injinta ya tsaya, Dilwyn ya iso da sassafe tun ba ta gama sa takalmin roba ba. Ta ce yau kuma da wuri haka, ba ka biya sito ba ne. Shi kuma yana durƙushe a ƙarƙashin bututu da sifana a hannu, bakinsa kawai ya kama da kansa, ya ce ai ni Inna Gwenda tunda na fara aiki ban taɓa fashin shayin sito ba, ko dusar ƙanƙara,

"Ta rufe hanya sai ka je, ko da a bayan motar share hanya ne," in ji Gwenda. "Na sani ɗan nan. Ka faɗa mini, ka faɗa wa mai ɗaukar madara, karen nan ma ya haddace. Kai ai duk wanda ya tambaye ka lafiyar saniya sai ya ji labarin shayin nan."

Dilwyn ya tsaya cak da sifana a sama. Lafiyar saniya. Sai muryar matar nan ta dawo masa a kunne tar, kakanta mai shanu, robobi masu tsagewa da sanyi, wato kullum kullum, da shi kansa yana cewa ki tambayi kowa. Ya ji zufa ta keto masa a cikin sanyin nan. Gwenda ta ce lafiya, ko ka buge kai ne, ya ce a'a ƙusa ce ta ƙi kwancewa. Ya gama gyaran ko burodin zabibin da ta yanko masa bai tsaya ci ba, ta bi shi da kallo ta ce wa karen yau tsohon nan ba lafiya ba.

Da ya koma gida bai ce wa Menna kin yi gaskiya ba, ba a haka aka yi shi ba. Ya dai tsaya a ƙofar kicin yana murza hula ya tambaye ta wane biskit ne mai kyau, ba mai arahar nan ba, mai cakulan. Menna ta dube shi ta ce mai jan kwali, kuma ka sayi biyu.

Da safe ya haura dutsen nan ya gangara, mil ɗin da ya san ba wanda zai biya shi ko kwabo a kansu. Ya daɗe a mota a ƙofar sito yana tunanin ko Emyr ya ba wani ƙusarsa, ko ya gaya wa kowa, ko suna ciki suna jiran su yi masa dariya. Ya shiga. Ƙusar tana nan, an rataye wani ƙullin makullai a kai. Emyr yana bayan kanta yana duba wasu robobi bai ɗago ba. Dilwyn ya ajiye biskit kwali biyu a kan kanta, ya warware tsumma ya ajiye koren kofin a gefensu, ya ce ana ruwa a kan dutse. Emyr ya ce haka aka ce. Can Emyr ya miƙa hannu ya kunna buta, ya ɗauki kofin ya leƙa ciki, ya kai wurin wanke hannu ya wanke shi da sabulu tas, Dilwyn yana kallo zuciyarsa na ƙuna. Ruwa ya tafasa, Emyr ya zuba, sannan ya juyo da cokali a hannu.

Ya ce, "Malam, sukari nawa?"

Yaran sito suka daina ɗaure kaya. Kunnuwan Dilwyn suka yi ja, ya ce biyu, da ɗan ƙari, in ba damuwa. Emyr ya zuba biyu cif ba ƙari ya tura masa. Ya shanye a tsaye har ƙasa ya ce ya yi daɗi, da zai tafi ya rasa inda zai sa kofin sai ya bar shi a kan kanta.

Washegari ma aka tambaye shi sukari nawa, da ranar da ta biyo baya, ya yi ta amsawa kamar baƙo. Sai wata safiya ya shigo ya ga an cire makullan, kofin yana kan kanta yana tururi tun kafin ya kashe mota, Emyr ya ce tsohon zargi ka ga abin da alƙalin nan ya yi mana kuwa, Dilwyn ya ce tulu ai na gaya maka an saye shi.

Har yau yana zuwa kullum, rangwamen da yake nema duk shekara daga ƙofar sito yake farawa, Menna tana cewa duk faɗin Wales ba mai shan shayi mai tsadar na mijinta. Shi kuma kwanan nan ya ce mata ta yi shiru kar ta gaya wa kowa, amma yana zargin Emyr ya koma sa madara kafin ruwan zafi, yana dai sa masa ido.